Amanar da Na Ba Bitrus Ranar Juma'a

Salama a gare ku masu karatu. Ni ba marubuciya ba ce, ko ƙofar aji ban taɓa takawa ba. Ƙanwata Hajara, wadda ta gama aikin koyarwa ta dawo gida ta zauna, ita ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara min magana. Abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, da rana tsaka kuma, lokacin idona yana gani garau. Na gaji da rantsuwa a kan maganar nan, amma zan ƙara guda: wallahi tallahi yadda zan faɗa haka aka yi.

Bayan rasuwar maigidana na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin goge-goge a wata masana'anta a Sabon Gari. Daga Fagge nake takowa kowace safiya, in ratsa ta Bata, in kutsa tsakanin 'yan adaidaita sahu da masu dakon dilolin atamfa, kafin in isa ƙafafuna sun fara yi min magana. Mai wurin sunansa Alhaji Rasaki, Bayarabe ne amma haifaffen Fagge, in yana Hausa ba ka ce ya san wani yare ba. Sana'arsu sassaƙa mol, wato ƙarfen da ake ɗura wa narkakkiyar roba ta daskare a ciki ta fito da siffar abin da ake so, murfin kwalba ne, maɓallin riga ne, haƙoran mataji ne. Duk wani abin roba da ke ɗakinku sai da wani ya fara sassaƙa masa gidansa a jikin ƙarfe, ni ma sai da na shiga wurin na sani.

Ta gaban masana'antar hayaniya ce da baƙin mai da ƙarar guduma. Amma can ciki akwai wani ɗaki guda, fari tas, ba taga, ƙofa biyu sai ka rufe ta farko kake buɗe ta biyu, nan aka ajiye babban injin. Girmansa ya kai rumfar mai shayi, da ƙofar gilashi a gaba, da allo irin na talabijin a gefe, ga maɓallai birjik. Abin da yake yanka ƙarfen da shi kuwa, ni allura nake ce masa, don wani bai kai kaurin gashin kai ba, in ya faɗi ƙasa sai an durƙusa da fitila. Ɗakin sanyi ne da shi dare da rana, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wai in zafi ya ɗan taɓa ƙarfe sai ya kumbura kumburin da ido ba ya gani, awo ya ɓaci. Ba a shiga da tsintsiya, sai ɗanyen tsumma. Ba a shiga da takalmin waje, akwai wasu fararen silifa a bakin ƙofa. Ba a buga ƙofa, ba a jingina da jikin injin, ba a taɓa ƙarfen aiki da hannu. Ni aka ba tsaftar ɗakin don an ga ba ni da rawar hannu ba ni da rawar kai, kuma na riƙe dokar fiye da waɗanda suka kafa ta. Shi kansa Alhaji na taɓa mayar da shi daga bakin ƙofa, yana tare da baƙi, na ce ya cire takalmi. Ya kalle ni, na kalle shi, ya cire.

Daga ranar ne mai tuƙa injin ya laƙaba min Inna Saja. Sunansa Bitrus, Kirista ne daga wani ƙauye a bayan Zariya, dattijo mai furfura a gemu, ɗan manomi da karatu ya kawo shi ga ƙarfe. Kun san tsakanin Bakano da Bazazzagi, ba a gaisawa sai an tsokani juna. In na shigo da safe sai ya ƙame ya sara min ya ce, "Saja ta iso, kowa ya duba ƙafarsa." In ce, "Mai shan fate, ɗaga ƙafa in goge, kai ne babban dattin ɗakin nan." Ya ce, "Inna, Kanawa ko gaisuwa sai sun yi ciniki." Haka muka yi shekaru. Mutum ne mai yawan gajiya, kullum hannunsa a ƙugu, kullum maganarsa ɗaya, wai bana ce shekararsa ta ƙarshe, zai koma gida ya kama gonar babansa ya huta da kallon abin da ido ba ya gani. Bana ta wuce, baɗi ta zo, yana nan a kan kujerarsa.

Shi ya koya min sauraron injin. Ban san ko harafi ɗaya a allon nan ba, amma kunne ba ya bukatar makaranta. In allura tana da lafiya kukanta siriri ne, miƙaƙƙe, kamar sauro a nesa. In ta kusa karyewa sai kukan ya fara rawa, ya yi kamar yana shaƙewa. Da ya ji haka sai ya sa babban yatsa a kan wani makunni mai juyawa irin na tsohuwar rediyo, ya murɗa shi a hankali zuwa hagu, injin ya rage gudu, ya tsaya, ya sauya allura. Ya ce in allura ta karye a cikin aiki takan kafta wa ƙarfen rauni, aikin kwana uku ya tashi a banza, ƙarfen kuma daga ƙasar waje ake kawo shi, sai an yi watanni ana jira.

Wata rana kuma ya kira ni ya ce in sa ido a madubinsa mai ƙara girman abu. Na sa, sai ga 'yar fartanya a kusurwar ƙarfen, da ƙotarta da bakinta, tsaf. Na ɗago na duba wurin da idona, ba komai, ko ƙwayar gero ta ninka ta. Ya ce, "Fartanyar babana ce. Duk mol ɗin da ya fita ta hannuna sai na sa masa ita a inda ba ta hana komai. Tun da ban je gonar ba, ita ta zo ta same ni." Alhaji ya san da ita, dariya kawai yake yi. Ban da mu uku ba wanda ya sani.

To ga al'adar da ta jawo komai. Aikin injin nan in an fara wani ba a katse shi, sai ya kwana biyu, uku yana yi, kuma dole da mutum a kusa yana saurare. Ranar Lahadi Alhaji da kansa yake zama, Bitrus ya tafi coci. Ranar Juma'a kuwa maza duk su watse zuwa masallaci, a bar Bitrus. Ni ke rufe ƙofar waje bayansu, sai in leƙa ɗakin in ce, "Bitrus, sun tafi, amana a hannunka." Ba ya ɗagowa, don idonsa na kan aiki, sai dai ya ƙwanƙwasa gilashin injin da zoben aurensa sau biyu, ƙwas ƙwas, wato ya karɓa. In an sauko daga masallaci Alhaji ya leƙa ya ce, "Mun dawo, Bitrus, mun karɓa." Sannan ne fa zai miƙe ya yi miƙa, ya fito ya ci abinci. Ko yunwa za ta kashe shi ba ya tashi sai an faɗi kalmar nan. Da wasa aka fara, ta zama doka.

Ana nan Bitrus ya kwanta ciwo, sati biyu kacal, aka kai shi gida, sai saƙon rasuwarsa ya zo. Muka je ta'aziyya da Alhaji a motarsa, na ga gonar da yake ta faɗa, ciyawa ta cinye rabinta. Ban yi kuka a can ba, ni ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Da muka dawo na wanke kofin shayinsa na kife, na goge kujerarsa na tura ta jikin bango.

Aka ɗauko wani a madadinsa, Injiniya Mukhtar, magidanci ne, mai ilimi, ba ruwansa da wasa, ni ma ba ruwana da shi. Ranar da ya kama aiki ya ce ya share duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwar injin, zai zuba nasa, don tsarin marigayin tsohon yayi ne. Na ji zafin maganar amma ba hurumina ba ne. Juma'o'in farko kashe injin suke yi su tafi masallaci. Sai bayan kamar wata biyu wani babban aiki ya shigo daga wani kamfanin magunguna: mol na bakin kwalbar maganin ɗigawa a ido, wannan ɗan tsinin da maganin ke fitowa ɗigo ɗigo. Ramin sai ya zama daidai, in ya yi faɗi ɗigon ya yi yawa, in ya matse ya ƙi fita. Alhaji ya rame a kan aikin nan, don kasuwa ta ja baya, kowa ya san in aka ɓata shi wurin ba zai kai wata shekara ba. Aka fara yanka ranar Laraba, aka ce sai Asabar zai ƙare, Juma'a ta faɗo a tsakiya.

Alhaji ya kira ni ya ce, "Inna, yau ke za ki zauna. Ba abin da za ki yi, zama kawai. Ko me kika ji, ko me kika gani, kada ki taɓa komai, in wani abu ya faru ki kira ni a waya." Injiniya ya ƙara da cewa, "Don Allah Inna ko tsumma kada ki kai kusa da allon." Na ce masa, "Tun kana ina nake goge ɗakin nan?" Suka tafi.

Ranar na gaji, gajiya irin wadda mutum ke tafiya bai san yana tafiya ba, ga ciwon gwiwa, ga zafin gari. Na rufe ƙofar waje, na sa sakata, na zo na sauya silifa, na tura ƙofar ciki, kafin hankalina ya iso bakina ya riga ya faɗa: "Bitrus, sun tafi, amana a hannunka." Shekara da shekaru ina faɗa, harshe ya saba. Sai da ta fita na tuna, na ce innalillahi, wace irin tsohuwa ce ni.

Ƙwas ƙwas.

A jikin gilashin, daidai inda yake bugawa. Jama'a, ba a kunnena ba ne, na san ƙarar ƙarfe da ƙarfe, na san ƙarar zobe da gilashi, shekara nawa ina jin ta. Na tsaya da hannuna a kan ƙofa. Ɗakin ba inda mutum zai ɓuya, fari ne fes, fitilu a kunne, daga injin sai teburi sai kujerar da na tura jikin bango. Na ce wa kaina ɓurɓushin ƙarfe ne ya fallatsa. Na yi a'uziyya, na shimfiɗa ɗankwalina na biyu a ƙasa kusa da ƙofa na zauna, don kujerar nan ban iya zama a kanta ba. Gudu bai zo min ba, an ce in zauna, ni kuma in an ba ni abu ba na sakinsa.

Na fi rabin sa'a ina jan carbi, injin na ta kukansa siriri. Har jikina ya fara saki. Can sai na ji kukan ya fara rawa. Na ce shi ke nan, allura za ta tafi. Na laluba waya na danna wa Alhaji, tana ta ringi ba a ɗauka, ai lokacin liman ya hau mumbari, wa zai ɗauka? Na miƙe na matsa kusa, hannayena na naɗe su a baya don kada shaiɗan ya ja min su. Na san makunnin da ake murɗawa, na sha gani, yana gabana kamar in miƙa hannu. Amma an ce kada in taɓa. Kukan yana ƙara shaƙewa, ni ina tsaye ina zufa a cikin sanyin nan.

Sai makunnin ya motsa. Wallahi ina kallonsa. A hankali, zuwa hagu, ɗan kaɗan, ya tsaya, ya ƙara, yadda babban yatsa ke yi, ba yadda inji ke yi ba. Kukan ya sauka, ya sauka, ya mutu. Kan injin ya ɗaga sama, ya je ya ajiye allurar, ya ɗauki wata. Na ce to ko haka Injiniya ya tsara. Amma maimakon ya koma inda ya tsaya, sai ya gangara can kusurwar ƙarfen, inda ba aikin komai, ya yi ɗan tsiii na abin da bai fi a karanta Fatiha sau uku ba, sannan ya ɗago ya koma wurin aikinsa ya ci gaba, kuka siriri, miƙaƙƙe, kamar ba a yi komai ba. Makunnin ya koma dama da kansa.

Ban san yadda na koma bakin ƙofa ba. Na zauna, kuma abin da na fi tunawa ba tsoro ba ne, wata irin gajiya ce ta sauko min, kamar na yi dakon buhu daga kasuwar Kwari zuwa gida. Ina nan har na ji ana buga ƙofar waje, na je na zare sakata.

Injiniya ne ya fara shiga, ya duba allo, sai ya juyo da sauri. "Wa ya taɓa injin nan?" Na ce ba wanda ya taɓa. Ya ce, "Inna, injin yana rubuta duk abin da aka yi masa. Ga shi nan, an rage gudu da hannu, an tsayar da hannu, an sauya allura da hannu." Ya faɗa da ƙarfi, ga shi cikin sauri an bar ƙofofin biyu a buɗe, ma'aikatan gaba duk suka ji suka taru. Alhaji ya kore su, ya rufe ƙofa, muka rage mu uku. Na ba su labari tun daga bakina da ya suɓuce har ƙarshe, ban rage ba ban ƙara ba. Injiniya ya yi wata 'yar dariya, ya ciro allurar da aka ajiye ya sa a madubi, sai dariyar ta tsaya. Ya ce ta tsage, da ta ƙara minti biyu da ta karye a cikin ramin. Alhaji ya ce masa, "Duba min kusurwar da ta ce." Ya dakatar da injin yadda ya dace, ya kai madubin hannu, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan ba ya cikin zanena. Kamar... kamar fartanya." Alhaji ya karɓa ya duba. Sai ya nemi wuri zai zauna, ya ga kujerar Bitrus ce kaɗai, ya fasa, ya jingina da bango.

Injiniya ya yi ta magana shi kaɗai, ko wani abu ne ya saura a ƙwaƙwalwar injin, sai kuma ya ce a'a, da hannunsa ya share, kuma ko ya saura wa ya kira shi? 

Da la'asar Alhaji ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "Inna, zauna." Na ce tsayuwa ta ishe ni. Ya ce, "Na san ba ke ba ce. Ko shekara aka ba ki ba za ki iya zana abin nan ba, ni kaina ban iya ba. Amma yaran nan sun ji an ce an taɓa inji. In aka ce ba kowa ba ne, kafin magariba labari ya zaga Sabon Gari, gobe ba mai shigar min ɗakin nan, masu maganin kuma su ji an ce aljanu ne suka sassaƙa abin da za a ɗiga wa mutane a ido. Ki ce ke ce. Ki ce kin ji kukan ya sauya kin murɗa. Ni kuma in ce kin ceci aiki, na yafe, magana ta mutu. Maganar fartanya mu uku, mu binne ta."

Na ce, "Alhaji, shekara goma sha ɗaya, ka taɓa jin na ce na yi abin da ban yi ba?"

Ya ce, "Inna, ba zagi ba ne fa, yabo ne."

Na ce, "Ka ce kada in taɓa, ban taɓa ba. Ina tsaye hannuna a baya ina ji aikinka zai lalace, ban taɓa ba, don ka ce kada in taɓa. Yanzu kuma in fita in ce na taɓa? To gobe in na ce wa wani cire takalmi, da wane baki?"

Ya dafe kai ya ce, "Ya Allah, Iya, ki tausaya min." In ya ce Iya to abin ya kai masa wuya. Kuma na tausaya masa, Allah ya sani, mutumin kirki ne, iyali ne da shi, ma'aikata sun fi goma suna ci a ƙarƙashinsa. Ni ma aikin nan shi ne tuwona, ba ɗa namiji gare ni ba, ba gona ba. Ya ce to in yi shiru kawai, shi zai yi maganar. Na juya na fita.

Ya tara su a tsakar masana'anta, ina tsaye a gefe da bokitina. Ya ce Inna ce ta ji allura za ta karye ta yi dabara ta tsayar, Allah ya taimaka aiki bai ɓaci ba, amma kada wani ya kuskura ya kwaikwaya. Wani daga cikinsu ya ce, "Kai, Saja ta zama injiniya!" Aka yi dariya, har da masu tafi. Da na yi shiru na minti ɗaya da shi ke nan, da na ƙarasa tsufana a wurin. Na so in yi shirun, wallahi na so. Sai na ji bakina ya ce, "Ban taɓa ba."

 Alhaji ya dube ni, ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai. Na ce, "Ban taɓa ba, kuma ba zan faɗi wanda ya taɓa ba, don ban ga kowa ba." Na ajiye bokiti, na je na wanke tsummokaina na shanya, na jera fararen silifan a bakin ƙofa, na miƙa masa makulli. Bai kore ni da baki ba, ni ma ban ce na bari ba, amma mu duka mun san an gama. Na tako zuwa Fagge a ƙafa, ko ɗan sahu ban tsayar ba.

Daga baya na ji biyu daga cikin ma'aikatan sun gudu, sauran sun zauna, aka rufe maganar da cewa tsufa ne ya fara taɓa min kai. Mol ɗin ya fita lafiya, masu magani sun karɓa. Na je wurin wani malami a unguwarmu, ya ce mamaci ba ya dawowa, aljani ne mai kwaikwayo. Na ce na sani, ban musa ba, haka aka koya mana. Na koma sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa a zaure, ana ci ana rufa asiri.

Sai da aka fi shekara, wata Juma'a ina zaune, layinmu ya yi shiru maza sun tafi masallaci, abin ya faɗo min kamar an jefe ni. Ranar nan, cikin rikicin wa ya taɓa wa bai taɓa ba, ba wanda ya leƙa ya ce, "Mun dawo, Bitrus, mun karɓa." Ni na ba da amana, ba a karɓa ba. Mutumin da ko yunwa ba ta tayar da shi sai an faɗi kalmar nan. Washegari na ɗaura zane na tafi Sabon Gari in roƙi Alhaji ya shiga ya faɗa, ko ya ɗauke ni mahaukaciya. Na tarar ya sayar da injin, ciwo ya kama shi, 'ya'yansa sun mayar da wurin ɗakin ajiyar taliya da man gyaɗa. Wai wasu baƙi ne suka saya, aka ɗaure shi a akwatin katako aka yi kudu da shi, daga can ba wanda ya san inda ya nufa. Na roƙi mai gadi ya bar ni na shiga ɗakin, zafi kamar tanda, kwalaye har rufi. Na tsaya na ce, "Mun dawo, Bitrus, mun karɓa." Ba abin da ya amsa. Ba ni ce mai faɗa ba dama, kuma ba ya nan.

Yanzu idona ya tafi rabi, likita ya ɗora ni a kan maganin ɗigawa safe da yamma. Watannin baya Hajara ta sayo min wani sabo, ta ce wancan ya yanke a kasuwa, wannan daga wata ƙasa mai nisa aka kawo shi, kwalbarsa daban, bakinsa dogo shuɗi, ba irin wanda aka sassaƙa a gabana ba ko kusa. Ina lalubar bakin zan ɗiga, sai farcena ya ɗan maƙale a wani abu a gindinsa, abin da bai kai ƙwayar yashi ba. Na yi ta shafawa. Na ce Hajara ta kai wa mai gyaran agogon nan na Bata ya duba da gilashin da yake maƙalawa a ido, ban gaya mata abin da nake zato ba. Ta dawo tana dariya ta ce, "Yaya, wai ya ce fartanya ce, har da ƙota. Su kuma waɗannan me ya haɗa su da fartanya?" Ga ta nan zaune, yanzu da take rubutawa ba ta dariya.

Ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya. Ina ɗiga maganin, don in ban ɗiga ba in makance, kuma ɗigonsa daidai yake fita, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa yawa ba bai taɓa kasawa ba. Sai dai duk sanda na ɗaga kai na buɗe ido ina jiran ɗigon, ina tuna mutumin da kullum yake cewa bana zai koma gida ya huta.

Ku da kuke aiki tare da mutane, ku kula da abin da bakinku ya saba faɗa, musamman in kun gaji, musamman a ɗakin da wani ya daɗe yana zama. In kun ba wani amana, ko da wasa ne, ku koma ku karɓe ta da bakinku kafin ku watse, kada ku ce ai ya sani. Ni ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci ba na zama kusa da taga mai gilashi. In an sauko kuma, na ji takun mutane a layi, nakan faɗa a hankali, ko Allah zai sa ta kai inda yake: sun dawo, Bitrus. Tashi haka nan.